Tsayayyiyar Kukar Gas Ko Hob Da Oben Ɗin Bango: Wanne Ya Dace Da Kicin Ɗinka?

Duk mai yawan kallon bidiyon gidaje a TikTok da Instagram ya san irin kicin ɗin da ake yayi yanzu. Kanta mai santsi, murhun girki a lafe a cikinta kamar fuskar waya, can gefe kuma oben a saƙale cikin kabad daidai ƙirjin mutum. Ɗaya tsarin shi ne wanda muka saba gani a gidajen amare, wato doguwar kukar gas mai tsayuwa da ƙafafunta, kawunan girki a sama, oben a ƙasa, duk a jiki ɗaya. Masu shirin aure da masu gyaran gida suna yawan tambaya wanne za su saya, kuma amsar mai shago sau da yawa ta danganta ne da kayan da yake son ya rabu da su a makon.

Wannan ba irin sayen waya ba ne da za ka ce in ba ta yi maka ba ka kai ta Farm Centre a yi musaya. Idan aka yanka dutsen kanta an yanka ke nan. Idan aka gina kabad a kan awon wani oben, sai mai irin awon ne zai shiga. Shi ya sa ya kamata a yi lissafin tun kafin kafinta ya ɗauki zarto.

Bari mu daidaita sunaye tukuna don kada mu ruɗe. Wadda take haɗe da oben zan riƙa ce mata tsayayyiyar kuka. A kasuwanninmu faɗinta yakan kasance santimita 50, 60 ko 90. Murhun da ake dasawa cikin kanta shi ne masu shago ke ce wa hob, shi kawunan girki ne kawai, ba shi da oben. Oben ɗin bango kuma akwati ne mai zaman kansa da ake zurawa cikin kabad, mafi yawansu faɗin santimita 60 ne. Raba su gida biyu ba sabon abu ba ne, kamfanin Thermador na Amurka ake dangantawa da fito da oben ɗin bango tun 1947. Mu ne dai ya iso wa a makare, ta hanyar waya.

Inda maganar take: oben ɗin da me yake aiki?

Mutane suna tsayawa kan kyau da farashi, alhali babban bambancin yana cikin oben. Tsayayyun kukar da suka cika shagunanmu, irin su Scanfrost, Maxi, Nexus da Thermocool, akasarinsu oben ɗinsu da gas yake aiki. Ko an ɗauke wuta, ka ƙyasta ashana ka ci gaba da gashinka. Oben ɗin bango kuwa mafi yawansu na lantarki ne zalla. Akwai na gas, amma ba su da yawa, kuma da dama daga cikinsu ma suna buƙatar wuta don fankar da ke sanyaya jikinsu. Wato ranar da ka zaɓi raba hob da oben, ka zaɓi ka ɗora gashinka a kan wutar NEPA, ko ka lura ko ba ka lura ba.

To nawa yake ja? Oben ɗin bango guda ɗaya yakan ja tsakanin wat 2,000 zuwa 3,500. Lissafin mai sauƙi ne, ƙarfin wutarmu bolt 230 ne, soket ɗin bango mai baki uku kuma amfiya 13 yake ɗauka. Ka ninka 230 sau 13, za ka samu wat 2,990. Duk oben ɗin da ya haura haka ba na soket ba ne, sai an jawo masa wayarsa ta musamman daga akwatin rarraba wuta, da nasa makatsin. Wanda bai kai ba ma kada a haɗa shi da firiji da butar lantarki a kan jona ɗaya. Idan kuma irin mai hawa biyu ne, wanda ake gani a kicin ɗin Turawa, oben a kan oben, to ana maganar wat 4,000 zuwa sama.

Yanzu a ɗauke wuta. Ƙaramin janareta, wanda ake wa laƙabi da na fi maƙwabcina, bai kai wat 1,000 ba, don haka ba ya cikin zancen. Mai kVA 2.5 ko 3 zai iya ɗaukar ƙaramin oben da ƙyar, idan an kashe sauran kaya. Masu sola kuma su ɗauki kalkuleta. Batir biyu masu bolt 12 da Ah 200, idan aka haɗa su suka ba da bolt 24, suna riƙe da kusan yunit 4.8 na wuta. Idan batiran ruwa ne ko na jel, rabin wannan ake so a taɓa don su daɗe, saura yunit 2.4 ke nan. Oben ba ya jan cikakken ƙarfinsa koyaushe, yana kunnawa yana kashewa da ya kai zafin da aka saita, amma duk da haka gashin awa ɗaya yakan cinye yunit 1 zuwa 2. Gashin kaza guda ya kwashe wutar da za ta riƙe maka fanka da fitila da cajin waya har asuba. Sannan a lokacin da yake ja, wat 2,500 a kan bolt 24 ya haura amfiya 100 da ke bi ta wayoyin batir. Inbatar da ba ta kai ba ƙara za ta yi ta mutu.

Akwai wani ƙaramin abu da ba a cika faɗa ba. Oben ɗin bango yana da fanka ta biyu, ban da ta cikin ɗakin gashi, wadda aikinta fitar da zafi daga bayan maɓallai da jikin kabad. Ita ce kake jin tana ci gaba da juyawa bayan ka kashe. Idan aka ɗauke wuta yana tsaka da aiki, fankar ta tsaya, zafin kuma yana nan a cikin katako tare da fanel ɗin lantarkin. Sau ɗaya ko biyu ba komai. A unguwar da ake ɗauke wuta sau biyar a wuni, wannan yana rage wa kayan kwana.

Gas ko lantarki, wanne ya fi sauƙi a aljihu?

Wannan lissafin ya shafi hob ɗin kansa, domin shi ma kala uku ne: na gas, na lantarki mai jan ƙarfe ko gilashi mai yin ja, da na indokshan. Farashin gas da na wuta ba sa zama wuri ɗaya, saboda haka maimakon in ba ka adadin da zai tsufa kafin wata ya ƙare, ga hanyar da za ka lissafa da kanka.

Kilo ɗaya na gas ɗin girki yana ɗauke da zafin da ya kai kusan yunit 12.8 na lantarki. Silinda mai kilo 12.5 ke nan tana da kusan yunit 160. Sai dai harshen wuta yana zagaye tukunya ya tafi iska, abin da ke shiga abinci bai cika wuce kashi 40 cikin 100 ba, wato kusan yunit 64. Indokshan kuwa yana isar da kusan kashi 85. Don ya ba ka wancan zafin na yunit 64, zai sha kusan yunit 75 a mita. Saboda haka ka ninka kuɗin yunit ɗinka sau 75, ka kwatanta da kuɗin cika silinda mai kilo 12.5 a unguwarku. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta kai yunit ɗin 'yan Band A naira 225, kafin a ɗan rage daga baya. A kan wancan farashin, yunit 75 ya kama naira 16,875. Ka tambayi mai gas ɗinku nawa yake cikawa yau, amsa ta fito.

Abin da lissafin bai nuna ba shi ne ko wutar za ta zo. 'Yan Band A ne aka yi wa alkawarin aƙalla awa 20 a rana. Wanda yake samun awa shida, kuma ba a lokacin girki ba, arahar yunit ba ta amfane shi da komai ba. Sannan hob ɗin indokshan mai kai huɗu yakan kai wat 7,200, wato kusan amfiya 32, kuma waya mai kaurin milimita 6 ake ja masa. Gidaje da yawa wayarin ɗinsu gaba ɗaya ba a yi shi don irin wannan nauyin ba. Wasu hob ɗin suna da saitin da ke taƙaita jan wuta zuwa kusan wat 3,000, amma da ka kunna kai biyu ko uku sai su riƙa raba ƙarfin a tsakaninsu, girki ya yi ta jan ƙafa.

Shi kuwa oben ɗin gas, idan ka duba takardar da ke manne a bayansa, za ka ga yawanci yana shan kusan giram 200 a awa idan an ƙure shi. Silinda ɗaya za ta yi gashin awa sittin ke nan ko kusa da haka.

Gidan naka ne ko na haya?

Wannan tambayar ita kaɗai ta isa ta yanke wa mutane da yawa hukunci. Tsayayyiyar kuka kaya ce kamar firiji, ranar tashi a ɗora ta a a-kori-kura a wuce. Hob da oben ɗin bango kuwa sun zama jikin gida. Za ka iya ciro su, amma ramin da aka yanka a kanta da kabad ɗin da aka ƙera da wayar da aka ja duk sun zama na mai gida, kuma a sabon gidan sai ka sake biyan waɗannan daga farko. Wani mai gidan ma ba zai yarda a taɓa masa kanta ba.

A al'adarmu akwai ƙarin wani abu. Gida na ango ne, kayan kicin kuma daga gidan amarya suke zuwa. Sau da yawa masu sayen kayan ba su taɓa auna kicin ɗin ba, ranar jere ake haɗuwa. Tsayayyiyar kuka tana da haƙuri da irin wannan, in ba ta shiga nan ba a matsar da ita can. Hob ba shi da wannan haƙurin. Kowane samfuri yana da awon raminsa a cikin littafinsa, na santimita 60 yakan nemi rami kusan 56 da 49, amma bambancin santimita ɗaya tsakanin kamfani da kamfani ya isa ya hana shi zama. Kuma maƙallansa an yi su ne don kanta mai kaurin santimita 3 zuwa 4. Yawancin kicin ɗinmu kantar siminti ce da aka zuba da rodi aka lulluɓe da tayil. Fasa irin wannan aiki ne na magini, ba na minti goma ba. Idan iyayen amarya sun ƙudurta sayen hob, to a sayo shi tukuna, a ba mai yanka dutse littafinsa, kada a yi akasin haka.

Nan ne kuma farashi yake yaudara. A shago za ka iya ganin hob da kuɗinsa bai kai na tsayayyiyar kuka ba. Ƙara kuɗin oben, da dogon kabad mai jure zafi, da yankan dutse, da waya da makatsi, da ladan mai haɗa wuta, da na mai haɗa gas. Tsayayyiya kuwa tiyo da regileta kawai take nema.

Ranar da wani abu ya lalace

Masu harkar kwamfuta za su gane wannan da wuri. Tsayayyiyar kuka kamar laftof take, komai a jiki ɗaya. Hob da oben kamar kwamfutar tebur ce da ka harhaɗa da kanka, allo daban, akwati daban. Idan oben ya mutu ka canza shi kaɗai, hob yana nan yana aiki. Kana iya ɗaukar hob ɗin gas na wani kamfani ka haɗa da oben ɗin lantarki na wani. Kana ma iya sayen hob bana, ka bar gurbin oben a kabad sai baɗi.

Amma kwatancen yana da iyaka. Kukar gas ba ta da sarƙaƙiyar laftof. Abin da ke cikinta bututu ne da famfunan gas da kawuna da ɗan abin ƙyasta wuta, kuma idan oben ɗinta ya daina aiki kawunan sama ba ruwansu. Kusan kowace unguwa akwai mai gyaranta. Oben ɗin bango mai allon taɓawa kuwa fanel ne ke tafiyar da shi, kuma irin wutar da ke dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke ita ce ajalin fanel. Idan ya ƙone, kuma babu wakilin kamfanin a garinku, sai a jira a yo odarsa. Shawarata ga wanda zai sayi na bango ita ce ya nemi mai maɓallan murɗawa, ya kuma sa a ɗaura masa na'urar kare kaya daga hawan wuta a akwatin rarrabawa.

A gwada da tuƙin tuwo

Masu ƙera waɗannan kayan ba su san muciya ba. Tuƙa tuwon mutum goma aiki ne na ƙarfi, ana danna tukunya ana jijjiga ta. A kan hob mai fuskar gilashi wannan ganganci ne, musamman indokshan da tukunya ke zaune kai tsaye a kan gilashin. Mai irin wannan girkin ya nemi hob mai fuskar ƙarfe da matokaran tukunya masu kauri na zubin ƙarfe, ba siraran waya ba. Faɗi ma abin dubawa ne. A kan santimita 60 mai kai huɗu, da ka ɗora babbar tukunya ɗaya ta rufe rabin sauran kawunan. Gidan da ake girki da yawa zai fi jin daɗin 90, ko tsayayyiya ce ko hob.

Indokshan yana da wani sharaɗin. Ba ya yin zafi da kansa, naɗin wayar tagulla ne a ƙarƙashin gilashi yake samar da ƙarfin maganaɗisu mai juyawa da sauri, shi ke sa gindin tukunyar ya yi zafi. Sai tukunyar da maganaɗisu ke kamawa take aiki, kuma sai gindinta ya zama a shafe. Tukwanenmu na alminiyum ƙirar gida, masu kumburarren gindi, ko motsi ba za su sa shi ya yi ba. Ka ɗauki maganaɗisun tsohuwar lasifika ka manna a gindin tukwanen gidan, waɗanda ya kama su kaɗai za su tsira. Sauran kuɗin sabbin tukwane ne da za a ƙara a lissafi.

Inda rabawar ta fi

Kada a ce na tsani tsarin rabawa, yana da wuraren da tsayayyiya ba ta kama ƙafarsa. Oben a daidai ƙirji yana nufin ba durƙuso, ba sunkuyo da tire mai zafi, abin da mai juna biyu ko dattijuwa mai ciwon baya za ta fi kowa sanin darajarsa. Ƙofarsa mai zafi ta fi ƙarfin hannun yaro mai rarrafe. Mutum biyu za su iya aiki a lokaci ɗaya, ɗaya na suya ɗaya na duba gashi, ba wanda ya tsaya wa wani a gaba. Tsafta kuma ba a magana. Tsakanin tsayayyiyar kuka da bango akwai ɗan tsagin da miya da ɓarɓashi ke faɗawa, wanda ya zama gidan kyankyasai, ɓeraye kuma suna son shiga audugar da ke bayanta su yi sheƙa. Hob goge ɗaya ya wadatar.

Sai ingancin gashi. Oben ɗin gas na ƙananan kuka zafinsa daga ƙasa yake tasowa, kuma masu arahar cikinsu ba su da abin daidaita zafi na gaskiya, ƙara wuta da rage wuta ne kawai. Shi ya sa kek ke ƙonewa a gindi samansa bai nuna ba. Na lantarki mai fanka yana watsa zafin ko'ina daidai, har ana rage kusan digiri 20 daga abin da aka rubuta a tsarin girki, kuma ana iya gasa tire biyu ko uku a tashi ɗaya. Ga mai sana'ar kek ko mitfai da ke karɓar oda ta WhatsApp, wannan bambancin kuɗi ne. Sai dai ita ma ta tambayi kanta abin da zai faru idan aka ɗauke wuta minti ashirin da saka kek ɗin bikin mutane. Wadda ta zauna da na gas kuma, ƙaramin ma'aunin zafi da ake ratayawa a cikin oben yana rage matsalar sosai, ba shi da tsada.

Maganar gas, wadda ba ta son wasa

Gas ɗin girki ya fi iska nauyi. Idan ya yi yoyo ba sama yake tashi ba, ƙasa yake kwanciya kamar ruwa. Masu son kicin ya yi kyau sukan ɓoye silinda a cikin rufaffen kabad a ƙarƙashin hob, wani lokaci ma kusa da soket. Wannan tarko ne. Mafi kyau silinda ta zauna a waje a inuwa, a jawo bututun ƙarfe ta bango. In dole sai a ciki, kabad ɗin ya zama yana da ramukan iska a ƙasa, babu soket a ciki, kuma ba a jikin oben ba. Idan aka sa oben a ƙarƙashin hob ɗin gas, kada tiyon roba ya bi ta bayansa, zafi yana busar da roba ta tsage. Gwajin yoyo kuma da ruwan sabulu ake yi, a shafa a mahaɗa a ga ko zai yi kumfa. Ba a gwadawa da ashana.

Ko wanne za ka saya, ka duba kusa da kowane kai. Za ka ga farin tsinke na ƙyasta wuta. Idan akwai wani ɗan tsinken ƙarfe na biyu a gefensa, shi ne mai datse gas idan iska ko tafasar miya ta kashe wutar. Irin wannan sai ka danne maɓalli na 'yan daƙiƙoƙi kafin wutar ta zauna. A oben ɗin gas ya fi ko'ina muhimmanci, domin a rufe yake, gas na iya taruwa ba a sani ba. A ganina ƙarin kuɗin da ake biya saboda shi ya fi na kowane ado.

Tsayayyiyar kuka tana da nata haɗarin. Idan aka buɗe ƙofar oben yaro ya taka ko ya zauna a kai, tana iya rinjayowa gaba da duk abin da ke tafasa a samanta. Yawancinsu suna zuwa da ɗan ƙarfe ko sarƙa ta ɗaurewa a bango, wadda masu haɗawa ke jefarwa tare da kwali. A sa su ɗaura. Kuma gas ko wane iri ne yana son taga a buɗe ko na'urar zuƙe hayaƙi mai fitarwa waje.

Na hannu daga Turai da Amurka

Tokumbo yana da jan hankali, ga babban suna ga sauƙin kuɗi. Amma gidajen Ingila da gas ɗin bututu suke girki, wanda ya bambanta da namu na silinda. Ƙofofin da gas ke fita ta cikinsu, waɗanda masu gyara ke ce wa nozul, na gas ɗin bututu sun fi faɗi. Ka haɗa su da silinda sai ka ga doguwar wuta rawaya mai baƙanta tukunya, kuma irin wannan wutar tana fitar da iskar da ke kisa a rufaffen ɗaki. Duba takardar bayan kayan. G20 na gas ɗin bututu ne, G30 ko G31 shi ne namu. Ana iya canza nozul, amma sai an samu na samfurin, har da na cikin oben.

Na Amurka ya fi wannan rikici. Awonsu inci 30 ne, kusan santimita 76, ba ya shiga gurbin 60. Kukarsu ta gas da bolt 120 take ƙyasta wuta, ta lantarkin kuma an yi ta ne don wani tsarin wayarin da ba irin namu ba. Saya daga hoto a intanet ba tare da ganin wannan takardar ba sayen kifi a ruwa ne.

Wi-Fi a cikin oben

Tunda shafin fasaha ne, dole a taɓo wannan. Samsung na da SmartThings, LG na da ThinQ, Bosch na da Home Connect, duk manhajoji ne da ke ba ka damar saita zafi ko samun sanarwa a waya idan gashi ya kammala. An fi samun su a oben ɗin bango da manyan kuka masu tsada. A matsayina na mai rubuta manhaja, ba zan ƙara ko sisi saboda wannan ba. Oben abu ne na shekara goma ko fiye, manhaja kuwa tana rayuwa ne muddin kamfani na ci gaba da sabunta ta da kula da sabarsa. Sannan sai gidan yana da intanet a kunne kullum, ba hotspot ɗin wayarka da ke fita tare da kai ba. Kuma saboda tsaro, yawancinsu sai ka danna izini a jikin oben ɗin kafin a iya kunna shi daga nesa. Agogon ƙararrawa na wayarka yana yin rabin aikin kyauta.

To wanne?

Mai zaman haya, ko wanda wutar unguwarsu ba ta da tabbas, tsayayyiyar kuka mai oben ɗin gas ita ce tasa. Irin mai kai uku na gas da ɗaya na lantarki tana da amfani ranar da gas ya ƙare ana tsaka da girki kuma aka yi sa'a akwai wuta. Mai gidan kansa da ke kan layi mai kyau, ko yake da sola mai batirin litiyam da inbata ta kVA 5 zuwa sama, kuma ana gashi a gidan da gaske, hob ɗin gas da oben ɗin lantarki a bango shi ne haɗin da ya fi ma'ana, girkin yau da kullum bai dogara da NEPA ba, gashi kuma ya samu zafi mai kyau.

Akwai kuma hanya ta uku da masu shago ba sa kawowa. A gidaje da yawa oben ɗin tsayayyiyar kuka ya zama ma'ajiyar tukwane da faranti, sai da sallah ake tunawa da shi. Idan gidanku haka yake, hob ko ma murhun gas na kan tebur, tare da ƙaramin oben na kan kanta ko na'urar suya da iska da ake ce wa eya firaya, sun isa. Waɗannan wat 1,200 zuwa 1,800 suke ja, soket na yau da kullum yana ɗaukarsu, matsakaicin janareta ma haka.

Kafin ka fita kasuwa, ka ɗauki hoton akwatin rarraba wutar gidan da lambobin da ke jikin makatsai, ka auna gurbin da kayan za su zauna, faɗi da zurfi da tsayi, ka auna faɗin ƙofar kicin ɗin ma, domin kuka mai santimita 90 ba kowace ƙofa take shiga ba. A shagon kuma ka sa a juyo maka bayan kayan ka ɗauki hoton takardar da ke nuna wat da bolt da nau'in gas, ka tura wa mai haɗa maka wuta ya gani kafin ka tura kuɗi.